LASIN REDIYON MASU SHA'AWA: BAYANI GA MASU TAKARDAR SHAIDAR AIKIN WAYAR ISKA

Jawabin wayar da kan jama'a da aka shirya domin masu sauraro a Potiskum, Jihar Yobe, aka kuma buga shi domin amfanin sauran jama'ar ƙasa



A garin Potiskum da kewayensa, kamar yadda yake a sauran manyan garuruwan Nijeriya, akwai mutane da yawa waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a gaban na'urar wayar iska. Wasu sun yi aikin sigina a soja ko a 'yan sanda. Wasu sun yi aiki a Gidan Waya tun kafin a kafa NITEL a shekarar 1985. Wasu sun koyi magana da jiragen sama a makarantar Zariya wadda aka kafa a 1964, wasu kuwa sun yi karatun aikin jirgin ruwa a Oron. Yawancinsu suna riƙe da takardar shaidar ƙwarewa, an adana ta a ƙasan akwati. Sau da yawa irin waɗannan mutane sukan tambaya, shin wannan takarda ta isa mutum ya kafa eriya a gidansa ya riƙa magana da duniya, ko kuwa sai ya sake neman wani izini? Wannan tambaya ce jawabin nan zai amsa, domin wanda ya yi kuskure a nan yana iya rasa kayansa, har ma ya tsinci kansa a gaban shari'a, alhali kuwa niyyarsa mai kyau ce.

MENE NE REDIYON MASU SHA'AWA

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, watau ITU, wadda aka kafa a birnin Faris a 1865, take kuma da hedkwata a Janiba, ita ce ke raba zangunan iska tsakanin ƙasashe da ayyuka iri iri. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1961. A cikin dokokinta na rediyo an keɓe wasu zanguna domin mutanen da suke son ilmin rediyo saboda kansa. Manufar aikinsu uku ce: su koyar da kansu, su yi magana da junansu, su kuma yi gwaje-gwajen fasaha. Sharaɗi babba shi ne kada a nemi kuɗi da shi ta kowace fuska.

Wannan aiki ya bambanta da na gidan rediyo, wanda yake watsa labarai da waƙoƙi ga kowa da kowa. Ya kuma bambanta da oba-obar da masu gadi da 'yan sintiri suke riƙewa. Mai rediyon sha'awa yana da lambar kira tasa ta kansa, wadda ba wanda ke da irinta a duk duniya. Lambobin Nijeriya suna farawa da 5N ko 5O, na Nijar da 5U, na Kamaru da TJ, na Chadi da TT, na Gana da 9G. A zamanin Turawa lambar Nijeriya ZD2 ce. Da zarar mutum ya faɗi lambarsa a iska, wanda ke saurare a Alkahira ko a Jakarta ya san daga ƙasar da ake magana.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A watan Nuwamba na 1923 masu sha'awa biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka yi magana da juna a kan gajeren zango, a lokacin da manyan kamfanoni suke ganin zangon ba shi da wani amfani. Bayan haka ne duniya ta juya ga gajeren zango, wanda iyayenmu suka daɗe suna jin labaran duniya a kansa. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana da lambar kira JY1, marigayi Rajiv Gandhi na Indiya kuma VU2RG. A ran 18 ga Afrilu 1925 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya, watau IARU, kuma Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa ta Nijeriya, NARS, tana cikinta.

TAKARDAR SHAIDA DABAN, LASIN DABAN

Mutanen Potiskum sun fi kowa sanin sha'anin manyan motoci. Direban da ya shekara ashirin yana jan tirela daga nan zuwa Ikko ba wanda zai yi shakkar iya tuƙinsa. Amma ran da ya sayi motar kansa, tilas ya yi mata rajista, ya karɓi lamba da takardu da sunansa, domin takardun motar maigidansa ba su bi shi gida ba. To, haka sha'anin rediyo yake.

Takardar shaidar ƙwarewa tana cewa wane ya iya sarrafa irin na'ura kaza, a irin aiki kaza. Lasin kuwa izini ne na kafa tasha a wuri kaza, a yi amfani da zango kaza, da ƙarfi kaza, da lambar kira kaza. Sa'ad da mutum yake aiki a jirgin ruwa, ko a filin jirgin sama, ko a ofishin sigina, iznin tashar na mai jirgin ne ko na hukumar da ta ɗauke shi aiki, shi kuwa takardarsa ce ta ba shi damar zama a kujerar. Ran da ya bar aiki ya tafi da iliminsa da takardarsa, iznin tasha kuwa ya tsaya inda ya same shi.

Dokar Wayar Iska ta 1961, wadda har yanzu tana cikin kundin dokokin Tarayya, ta hana kowa kafa tashar wayar iska ko yin amfani da na'urarta sai da lasin. Dokar Sadarwa ta 2003 kuma ta kafa Majalisar Kula da Zangunan Iska ta Ƙasa, wadda Ministan Sadarwa yake shugabanta. A ƙarƙashin wannan tsari, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, tana kula da kamfanonin waya, Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, NBC, tana kula da masu watsa shirye-shirye, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuwa tana kula da masu amfani da zango ba domin ciniki ba. Tun da yake rediyon sha'awa ba ciniki a cikinsa, sashen kula da zangunan iska na Ma'aikatar, a Abuja, shi ne ƙofar da mai nema zai fara ƙwanƙwasawa.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, takardar shaidar aiki, kome girmanta, ba ta zama lasin rediyon sha'awa ba. Hujja ce mai ƙarfi wadda mai ita zai gabatar sa'ad da yake neman lasin.

TO, WANE AMFANI TAKARDAR KE DA SHI

Sashe na 25 na dokokin ITU ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin tabbatar da cewa duk wanda za ta ba izinin rediyon sha'awa ya san fasahar aikin, ya kuma san yadda ake gudanar da shi. Amma bai ce lalle ga hanya guda da za a bi ba. Wannan ya sa ƙasashe suka bambanta wajen darajar da suke ba takardun ƙwararru.

A Kanada, wanda ke riƙe da wasu manyan takardun shaidar aikin rediyo na ƙasar, irin su ta mataki na ɗaya da ta mataki na biyu, ana iya ba shi izinin rediyon sha'awa ba tare da ya zauna jarrabawa ba, amma mai ƙaramar takardar nan ta magana kawai ba ya samun wannan sauƙi. A Indiya an daɗe ana yafe wa masu digirin injiniyan sadarwa sashen jarrabawa na fasahar rediyo, amma sai sun zauna sashen dokoki. A Amurka kuwa lasin ƙwararru da na masu sha'awa hanyoyi ne guda biyu, kowacce da jarrabawarta, kuma na masu sha'awa mataki uku ne. Ingila ma mataki uku take da su.

Abin da za a lura da shi a nan shi ne, ko a ƙasashen da ake yin rangwame, hukuma ce take duba takardar ta yanke hukunci, kuma sai ta rubuta izini ta ba da lambar kira kafin mutum ya taɓa na'ura. Haka yake a Nijeriya. Yanke hukunci a kan ko takardar wane ta wadatar, ko kuwa sai an gwada shi a wani fanni, aikin hukumar da ke ba da lasin ne. Mai takarda ba shi yanke wa kansa, mai sayar da na'ura a kasuwa ba shi yanke masa.

Takardun su kansu ba darajarsu ɗaya ba. Tsofaffin takardun tangarahu na jiragen ruwa an gina su a kan zurfin ilmin lantarki da gyaran na'ura da buga Mos. Daga ran 1 ga Fabrairu 1999, sa'ad da sabon tsarin neman agaji a teku ya fara aiki sosai, manyan jiragen ruwa suka daina dogara da Mos, takardun da yawancin ma'aikatan jirgi suke karɓa yanzu kuma suka fi karkata ga sarrafa na'urar da aka riga aka haɗa. Takardar matuƙin jirgin sama ta magana da hasumiya ita ma ta koyar da ladabin magana ne da kiran gaggawa, ba ta shiga cikin hanjin na'ura ba. Wanda ya yi sigina a soja ko 'yan sanda kuwa, takardarsa ta cikin gida ce, an ba shi ita domin aikin rundunarsa.

ME YA SA AKE TSANANTAWA

Wani zai ce, mutumin da aka amince wa da rayukan fasinjoji ɗari, don me za a tsaya yi masa tambayoyi a kan ɗan akwatin da zai ajiye a ɗakinsa? Dalili kuwa a fili yake. Ma'aikacin jirgi na'urarsa an ƙera ta, an gwada ta, an kulle ta a kan zangunan da aka yarda, kuma akwai injiniya mai duba ta. Mai rediyon sha'awa shi ne injiniyan kansa. Yana iya haɗa na'ura da hannunsa, ya gyara ta, ya yanka wayar eriyarsa, ya zaɓi inda zai tsaya a cikin zango. In ya yi kuskure, muryarsa tana iya zubowa a inda bai yi nufi ba. Akwai zangunan da rayuka suka rataya a kansu, kamar megahaz 121.5 na neman agajin jiragen sama, da megahaz 156.8 da kilohaz 2182 na jiragen ruwa. Na'urar da ba a daidaita ta ba tana iya toshe kiran wanda ke cikin halaka, mai ita kuwa yana zaune a Potiskum bai ma sani ba.

Ya kamata kuma a sani cewa iska ba ta ɓoye kowa. Gwamnatin Tarayya tana da tashoshin sauraro da bin diddigin zanguna, ɗaya daga cikinsu tana maƙwabciyarmu Azare, akwai kuma a Gusau da Ogoja da Ipaja ta Ikko. Da na'urorin gano inda murya take fitowa ana iya bin mai watsawa har ƙofar gidansa.

ABIN DA TSOHON MA'AIKACI ZAI SAKE KOYA

Wanda ya yi aikin wayar iska ya riga ya sami rabin tafiya. Ya san haruffan kira na duniya, ya san gajerun alamomin da ke farawa da harafin Q, ya san a saurara kafin a yi magana, ya san rubuta littafin tasha. Sauran abin da ya rage masa kashi uku ne.

Na farko, iyakokin zangunan. Afirka tana cikin Yanki na Ɗaya a rabon ITU, tare da Turai da Gabas ta Tsakiya. A wannan yanki, manyan zangunan masu sha'awa su ne mita 80, daga kilohaz 3500 zuwa 3800. Mita 40, daga 7000 zuwa 7200. Mita 20, daga 14000 zuwa 14350. Mita 15, daga 21000 zuwa 21450. Mita 10, daga 28000 zuwa 29700. Sai mita 2, daga megahaz 144 zuwa 146. Wanda ya karanta littafin Amurka ya yi hattara, domin iyakokinsu a mita 80 da 40 da 2 sun fi namu faɗi. A kowane hali, abin da aka rubuta a lasin mutum shi ne iyakarsa.

Na biyu, dokokin magana, waɗanda wasunsu kishiyar abin da ya saba ne. A aikin sigina an koya masa ɓoye saƙo. A nan an hana sakaya magana domin kada wani ya gane, kome za a faɗa a fili ake faɗinsa. A aikin Gidan Waya ya saba isar da saƙon jama'a a biya kuɗi. A nan ba a karɓar ko kwabo, ba a kuma yin ciniki. Dillalin shanu a kasuwar Potiskum ba zai yi amfani da tashar ɗan'uwansa ya tambayi farashi a Kudu ba. Ba a sa waƙa, ba a wa'azi, ba a yaƙin neman zaɓe. Hira ta tsaya a kan fasahar rediyo da gaisuwa da abin da ya shafi mutum kansa, kuma tilas ya riƙa faɗin lambar kiransa a kai a kai. Kiran neman agaji na ƙarya laifi ne babba a ko'ina cikin duniya.

Na uku, fasahar eriya da tafiyar murya a sama. Muryar gajeren zango tana tashi ta bugi wani rufi na iska da ke can sama, ta komo ƙasa a nesa. Wannan rufi rana ce take gina shi, shi ya sa mita 20 da 15 suka fi tafiya da rana, mita 80 kuwa da dare, kuma ƙarfin abin yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Eriya mafi sauƙi waya ce mai hannu biyu, a raba lamba 143 da yawan megahaz a sami tsawonta. Ta zangon mita 40 takan kai tsawon mita 20, ta zangon mita 20 kuwa mita 10. A ƙasarmu akwai abin lura biyu. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara lantarki a doguwar waya har ya lalata na'ura, da damina kuma ga tsawa. Maganin duka biyun shi ne a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a haɗa shi da tasha, a kuma cire eriya in hadari ya taso. Kada a kuskura a ɗaura eriya kusa da wayar wutar lantarki.

Game da Mos, a da dokar duniya ta wajabta shi ga duk mai son gajeren zango. Taron rediyo na duniya da aka yi a Janiba a 2003 ya ɗauke wannan wajibci, ya bar wa kowace ƙasa ta zaɓa. Amurka ta daina jarraba shi a 2007. Amma dattijon da ya iya shi kada ya ga kamar iliminsa ya tsufa. Mos yana ratsa hayaniyar da murya ba ta iya ratsawa, da ɗan ƙarfin batirin mota, kuma har yau dubban mutane suna buga shi kowane dare.

YADDA ZA A NEMA

Mai nema ya rubuta wa sashen kula da zangunan iska na Ma'aikatar Sadarwa, ya bayyana cewa lasin rediyon sha'awa yake so, ya nemi a sanar da shi sharuɗɗa da kuɗin da ake biya a lokacin. Ya tanadi kwafin takardar shaidarsa, da sunan hukumar da ta ba shi da shekarar da ta ba shi, da shaidar wuraren da ya yi aiki, da katin shaidar ɗan ƙasa. Ya kuma shirya bayanin na'urar da yake nufin amfani da ita, da ƙarfinta, da adireshin gidan da za a kafa ta. Yana da kyau ya tuntuɓi ƙungiyar NARS, domin 'ya'yanta sun riga shi bin hanyar, matambayi kuwa ba ya ɓata. Wanda yake cikin damara har yanzu ya fara neman yardar shugabanninsa, kuma ko kusa kada ya kawo na'urar aiki gida. Kada a yi odar na'ura mai watsawa daga waje sai an tambayi hukuma. Kowane kuɗi a biya shi ta hanyar gwamnati a karɓi rasit, kada a miƙa shi ga ɗan tsakani.

In hukuma ta ce sai an gwada shi a wani fanni, kada ya ɗauki haka raini. Kafin takarda ta fito, ya yi ta saurare, ya koyi halin zanguna, amma kada ya danna maɓallin magana ko da na gwaji ne.

ABIN DA ƘASA TAKE BUKATA

Jama'ar Yobe ba su manta da watan Mayu na 2013 ba, sa'ad da aka rufe layukan wayar hannu a Yobe da Barno da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci. A irin wannan hali lasin rediyon sha'awa ba ya sa mutum ya fi ƙarfin umurnin jami'an tsaro. In an ce a rufe tasha, sai a rufe, kuma a yankin da ya sha fama da tashin hankali, wanda aka samu da na'ura mai watsawa ba takarda yana cikin hatsarin da ya fi na tara. Wanda ke da lasin ya kamata ya sanar da ofishin 'yan sanda na yankinsa da mai unguwarsa kafin ya ɗaga eriya, domin a san shi a san aikinsa.

Amma akwai wani irin yankewar sadarwa wanda ba hukuma ce ta yi shi ba. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri. Ambaliya irin wannan tana iya kashe wuta ta tsai da turakun waya a dare ɗaya. Tashar mai sha'awa kuwa batiri mai bolt 12 da farantin hasken rana da waya a kan itace sun ishe ta aiki. Dokokin ITU sun ƙarfafa wa gwamnatoci su shirya masu rediyon sha'awa domin taimako a lokacin bala'i, kuma a irin wannan lokaci an yarda su isar da saƙon wasu har zuwa ƙetare. Tun 2019 ma akwai na'urar masu sha'awa a kan tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, wadda ake kira QO-100, tana tsaye wuri ɗaya a sama tana kallon Afirka duka, ana isa gare ta da faranti irin na talabijin. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da zai yi wa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa amfani ran da ruwa ya zo, shi ne wanda ya riga ya sami lasin, ya saba da na'urarsa, hukuma kuma ta san da zamansa.

Ga kuma matasa. A Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum, da sauran makarantun sana'a na ƙasa, akwai ɗalibai masu karanta lantarki waɗanda ba su taɓa jin muryarsu ta ƙetare teku a kan wayar da suka yanka da hannunsu ba. Dattawan da suka yi aikin sigina su ne suka fi cancanta su koya musu, in sun nemi lasin sun kafa tasha bisa doka. Ilmin da aka bari a ƙasan akwati tare da takarda, in mai shi ya kau, ya tafi ke nan.

Don haka ana kira ga duk mai riƙe da takardar shaidar aikin wayar iska, ko yana Potiskum, ko Nguru, ko Sakkwato, ko Fatakwal, ya fito da ita, ya rubuta wa Ma'aikata, ya bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Wanda ya ji wannan bayani kuma ya isar wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya taimaki Nijeriya. Amin.